Yadda Ake Sanya Sola da Ƙara Batir a Tirelar Yawo

Tirelar yawo, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, yawanci da batir ɗaya take fitowa daga kamfani, kuma wannan batirin an sa shi ne don ya riƙe fitilu da famfo na ɗan lokaci kafin a isa wurin da ake jona wuta. Duk wanda ke son ya yada zango inda babu turakun lantarki, dare ɗaya ya ishe shi ya gane cewa batirin bai kai ba. Daga nan ne mutane ke rugawa su sayo farantan sola, alhali faranti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya. Ana farawa da lissafi, a bi da batir, sannan wayoyi da fis, sai a hau rufi.

Mataki na farko: san abin da kake ci a rana

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke jan wuta a tirelar. Kowace na'ura akwai wat ɗinta a jikinta ko a takardarta. Ninka wat ɗin da yawan awowin da take aiki a rana, abin da ya fito shi ne wat-awa, wanda ake rubutawa Wh.

Ga misali da tirela matsakaiciya. Firji mai kwamfireso na 12V yana jan kamar wat 45, amma ba kullum yake kunne ba, yana tashi yana kwantawa. A ce awa 8 a jimla, 360Wh ke nan. Fitilun LED huɗu masu wat 4 na awa 5, 80Wh. Fankar rufi mai wat 20 na awa 8, 160Wh. Famfon ruwa yana da ƙarfi amma mintuna kaɗan yake aiki, a ba shi 15Wh. Cajin wayoyi da kwamfuta, 120Wh. Sai ɓarayin da ba a gani: na'urar gano yoyon gas, rediyon da ko an kashe shi yana riƙe da agogo, da ƙananan allunan lantarki. Waɗannan ba sa barci, kuma wat 5 kacal a awa 24 ya zama 120Wh. Jimla 855Wh, a cike shi zuwa 900. Raba da 12.8, wato boltej ɗin batir, za ka samu kusan 70Ah a rana. Ah, amfiya-awa, shi ne ma'aunin girman batir.

Idan a lissafinka ka sa na'urar sanyaya ɗaki ta rufi, tsaya ka sake tunani. Irin wannan na'ura tana jan wat 1,300 zuwa sama, don haka batir na 200Ah ba zai riƙe ta awa biyu cikakku ba. Ana iya yi, amma wannan wani aikin ne daban, mai batura da yawa da nauyi da yawa. Haka firjin nan mai aiki da gas ko lantarki: a bar shi a kan gas idan an sauka, don a kan batir yana shanye caji cikin 'yan awowi.

Mataki na biyu: zaɓen batir da girmansa

Batir tanki ne, sola kuwa famfon da ke cika shi. Komai ƙarfin famfon, in tankin ƙarami ne ruwa zai ƙare da dare. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce ka tanadi cin kwana biyu ba tare da rana ba. A misalinmu, 140Ah da za a iya amfani da su.

A nan ne bambancin batura ke fitowa. Batirin dalma, ko mai ruwa ko rufaffe irin AGM, ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba kwanansa ya ragu sosai. Ke nan don samun 140Ah sai ka sayi kusan 280Ah, kuma kowane 100Ah na dalma yana kai kilo 28 zuwa 30. Batirin litiyam irin LiFePO4 kuwa ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa ba tare da ya damu ba, nauyin 100Ah bai wuce kilo 11 zuwa 14 ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Batura biyu na 100Ah, ko ɗaya na 200Ah, sun biya buƙatar. A ganina duk wanda zai yi wannan aiki yau ya tafi litiyam kai tsaye, sai dai in tirelar sau biyu ko uku take fita a shekara.

Litiyam yana da sharaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: ba a yi masa caji idan sanyi ya kai digiri 0 ko ƙasa, domin hakan yana lalata cikinsa har abada. Nemi wanda allon kariyarsa, BMS, ke yanke caji da kansa in sanyi ya yi yawa, ko mai abin ɗumama kansa. Duba kuma iyakar amfiyar da BMS ɗin ke bari a ja. Yawancin batura na 100Ah ba sa ba da fiye da 100A a kai a kai, kuma wannan zai dawo mana idan mun zo kan inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida.

Kada a haɗa tsohon batir da sabo, kada a haɗa dalma da litiyam, kada a haɗa masu girma daban. Mai rauni ne zai riƙa jan mai ƙarfi ƙasa.

Mataki na uku: ina za a ajiye su

Kamfanoni kan sa batir a gaba, kan ƙarfen da ke haɗa tirela da mota. Ga batirin dalma mai ruwa wurin ya dace, tunda yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta, don haka dole ya sha iska. Litiyam ba ya fitar da wannan iska, shi ya sa ake shigar da shi ciki, ƙarƙashin gado ko kujera, inda sanyi da ruwa da masu ɗan hali ba za su kai gare shi ba.

Amma matsar da nauyi yana canza yadda tirela ke bin mota. Nauyin da ke kan mahaɗin gaba ya kamata ya zauna tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar baki ɗaya. Idan ka cire batura daga gaba ka kai su can bayan taya, tirelar za ta iya fara lilo a kan hanya. Sa su kusa da ƙarfen da ke riƙe da tayoyi ko gabansa, ka ɗaure su da ɗamara a jikin daɓen tirelar. Duba kuma ɗan allon bayanin da kamfani ya maƙala a jikin tirelar, wanda ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka.

Akwai wata siririyar waya da mutane ke mantawa da ita idan sun matsar da batir: ta birkin gaggawa. Idan tirela ta ɓalle daga mota tana tafiya, wata igiya ce ke fizge makunni, birkin tirelar ya kama da wutar batirinta. Wannan waya dole ta ci gaba da samun wuta kai tsaye, ko da an kashe babban makunnin batir.

Mataki na huɗu: haɗa batura

Cire tirelar daga wutar waje, cire ta daga mota, cire zobe da agogo daga hannunka. Kwance tsohon batir, ka fara da negetif. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto, ka manna wa kowace waya alama, domin a tireloli da yawa, musamman na Amurka, farar waya ce negetif, baƙa kuma fozitif, saɓanin abin da aka saba a mota. Kada ka yarda da launi, mita za ka tambaya.

Yi wa kowane sabon batir caji shi kaɗai har ya cika, ka bar su su huta, ka auna. Sai boltej ɗinsu ya zo kusan ɗaya za ka haɗa su, in ba haka ba wuta mai yawa za ta kwarara daga mai cike zuwa wanda bai cika ba. Batura na 12V ana haɗa su kafaɗa da kafaɗa, fozitif da fozitif, negetif da negetif: boltej ya tsaya a 12, Ah ya ninku. Masu amfani da batura na 6V su ne ke yin haɗin sarƙa, fozitif ɗin wannan a negetif ɗin wancan, don su samu 12V.

Wayoyin haɗin su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya. Ɗauki babban fozitif daga batir na farko, babban negetif daga na ƙarshe. Idan ka ɗauki duka biyun daga batir ɗaya, shi zai riƙa yin aikin, ɗan'uwansa na hutawa, ya riga shi tsufa. In baturan sun kai uku ko huɗu, gara kowanne ya tafi da wayarsa zuwa sandar tagulla guda, daga nan a rarraba.

A kan babban fozitif, fis ne abu na farko, kuma ya zauna kusa da batir iya yiwuwa. Ƙa'idar da masu haɗa wutar jiragen ruwa ke bi ita ce kada ya wuce santimita 18. Fis wayar yake karewa, ba na'ura ba, don haka girmansa ba ya wuce abin da wayar za ta ɗauka. Litiyam na iya zubo dubban amfiya cikin ƙiftawar ido idan wayoyi suka haɗu, shi ya sa ake so a sa fis mai ƙarfin yanke irin wannan wuta, kamar Class T. Bayan fis sai babban makunni, sai sandar rarrabawa.

A kan negetif kuma sa shant, ma'aunin da ke ƙirga duk amfiyar da ta shiga da wadda ta fita. Waya ɗaya tak ce za ta tashi daga batir zuwa shant. Duk sauran negetif, har da wadda ke zuwa jikin ƙarfen tirela, su zauna a ɗaya gefen. Duk wayar da ta tsallake shi ba za a ƙirga ta ba. Shant ba ƙawa ba ne ga mai litiyam. Batirin dalma yana nuna halinsa a boltej, 12.7 a cike, kusan 12.1 a rabi. Litiyam kuwa yana zama wajen 13.2 ko yana da kashi 70 ko yana da kashi 30, sai dab da ƙarewa ya faɗi gaba ɗaya. Ƙananan fitilun nan masu nuna cajin batir da ke bangon tirela ba za su gaya maka komai ba.

A dakata kaɗan a kan bakin waya, domin nan ne gobara ke farawa. Fere robar daidai zurfin kan tagullar da ake cusa bakin waya a ciki, kada ka yanke ko silin waya ɗaya, tura ta har ta tokare, ka matse da abin matsewa na gaske, ba filaya ko guduma ba. Sannan riƙe kan da hannu ɗaya, wayar da ɗaya, ka ja da ƙarfinka. In ta motsa, yanke ka sake. Rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Wajen ɗaurewa, kan tagullar ya kwanta a jikin kan batir kai tsaye, wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa notu, ya zo a samansa. Wasan da ya shiga tsakani yana hana wuta wucewa sosai, wurin ya riƙa zafi.

Mataki na biyar: cajar da ke cikin tirelar

Kusan kowace tirela tana da caja da ke juya wutar waje zuwa 12V. Tsofaffinsu an yi su don dalma, sukan tsaya a 13.6V, wanda ke cika litiyam a hankali kuma ba ya ba BMS damar daidaita sel-sel ɗinsa. Litiyam yana son 14.2 zuwa 14.6V. Wasu cajoji suna da makunnin litiyam, wasu sai an canza su. Idan cajarka tana da tsarin da ke ɗaga boltej sama da 15 don wanke batirin dalma, kashe shi.

Wutar da ke zuwa daga mota ta soket mai ƙafa bakwai kaɗan ce, saboda wayar siririya ce kuma doguwa. Wanda ke yawan tafiya kuma yake son ya isa da batir a cike sai ya sa cajar DC zuwa DC, ta 20A ko 30A, da wayarta mai kauri daga batirin mota. Tana kuma hana litiyam jan abin da ya fi ƙarfin altaneta, na'urar da ke yi wa batirin mota caji.

Mataki na shida: yawan faranti da kwantirola

Wat ɗin da aka rubuta a faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, a zafin digiri 25 da haske cikakke. A kan rufi farantin a kwance yake, ba ya fuskantar rana, yana zafi, yana ɗaukar ƙura, kuma kowane digiri sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Don haka a lissafi a ɗauki awa 4 na rana mai ƙarfi, a kuma ɗauka kashi 70 cikin ɗari ne zai iso batir. 900Wh a raba da 4, a sake rabawa da 0.7, ya ba da wat 320. Sa wat 400, domin ranar da ta biyo bayan hadari sai ka biya bashin jiya ka kuma ci na yau.

Kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga batir, iri biyu ne. PWM yana jawo boltej ɗin faranti ƙasa zuwa na batir, rarar ta tafi a banza. MPPT yana juya rarar ta zama ƙarin amfiya, kuma yana karɓar haɗin sarƙa. Daga wat 200 zuwa sama, MPPT za ka saya. Lambobi biyu ne a jikinsa, misali 100/30: 100 shi ne iyakar boltej daga farantai, 30 kuma amfiyar da yake ba batir. Wat 400 a raba da 14 ya kusa 29, ke nan na 30A ya yi daidai, na 40A ko 50A kuma ya bar maka wurin ƙari nan gaba. Juya bayan faranti ka karanta Voc, wato boltej ɗinsa idan ba a jona shi da komai ba, ka tara na duk waɗanda ke sarƙa ɗaya, ka bar rata ta kashi 20 cikin ɗari, saboda da sanyin safiya boltej ɗin faranti hawa yake yi. Wuce wannan iyaka ko sau ɗaya yana iya ƙona kwantirolan.

Sarƙa ko kafaɗa da kafaɗa? Sarƙa tana ɗaga boltej, wayar ba ta buƙatar kauri, caji kuma yana farawa da wuri. Illarta inuwa: ta faɗa kan faranti ɗaya, duk layin ya raunana. A rufin tirela kuwa inuwa ba ta ƙarewa. Mai farantai huɗu na wat 100 zai fi samun sauƙi in ya yi sarƙa biyu, kowace da faranti biyu, sannan ya haɗa sarƙoƙin kafaɗa da kafaɗa. Idan layukan sun kai uku, kowanne sai da fis ɗinsa.

Mataki na bakwai: aikin rufi

Yanka kwali daidai girman farantan, ka hau da su da hantsi, ka sake hawa da la'asar. Za ka ga yadda inuwar na'urar sanyaya ɗaki, wadda da tsakar rana ba ta wuce tafin hannu ba, ke miƙewa ta rufe rabin wurin da ka yi niyya. Murfin fanka in an buɗe shi ma inuwa ne, haka eriya. Bar hanyar da za ka riƙa takawa wajen wanki da gyara.

Nemi inda katakan rufin suke ta ciki, domin sukurun da ya kama siririn falanki kawai ba zai jure iskar babbar hanya ba. Wanke wurin ya bushe. Shimfiɗa tef ɗin butil ƙarƙashin kowace ƙafa, ɗaure sukurori ba tare da ka murɗe su har su zarce ba, sannan ka zuba gam ɗin rufi mai bazuwa da kansa har kan sukurun da gefen ƙafar su nutse, ba a ganin ƙarfe ko kaɗan. Rufin roba irin EPDM da TPO yana da gam ɗinsa, irin na kamfanin Dicor. Silikon na gama-gari ba ya kama shi da kyau, kuma in ya ɓare sabon gam ba ya zama a inda ya taɓa. Bar rata ta 'yan santimita tsakanin faranti da rufi don iska ta wuce ta sanyaya shi.

Wayar sola ta 6mm², mai jure rana, ta isa wannan girman. Shigar da ita ta akwatin shigar waya da aka toshe da gam, ko ta bututun iskar firji in tirelar na da shi, wanda ke raba ka da huda sabon rami. Kafin ka huda, duba ciki da kyau kada ka faɗa kan wata waya. Kama wayar a jikin rufi duk bayan ɗan tazara. Wayar da ke kaɗawa a iska za ta goge rufin ta kuma goge kanta.

Mataki na takwas: jonawa bi da bi

Rufe farantan da kwali ko bargo. Kafa kwantirola kusa da batir, a tsaye, inda iska ke zagayawa. Tsakaninsa da batir sa waya ta 10mm² da fis na 40A in kwantirolan na 30A ne. Tsakaninsa da farantai sa makunnin DC da ya dace da boltej ɗinsu.

Batir ake fara jonawa, domin daga gare shi kwantirola ke gane ko tsarin 12V ne ko 24V. Shiga saitinsa ka zaɓi irin batirinka, ka sa lambobin da kamfanin batirin ya bayar. Sannan buɗe farantan, auna wayoyin da suka sauko da mita: in ka ga alamar ragi a gaban lambar, wayoyin a juye suke. Sai komai ya yi daidai za ka kunna makunnin sola. Wajen kwancewa a juya tsarin, sola ta fara fita, batir daga baya. Kada kuma a zare mahaɗan wayoyin faranti, MC4, alhali wuta na gudana a ciki.

Mataki na tara: inbata, in ana buƙata

Sayi mai ba da wuta tsantsa irin ta gida, ka kafa ta dab da batir. Inbata ta wat 1,000 tana jan kusan 95A, ta wat 2,000 kuma ta doshi 190A, wanda ke buƙatar waya ta 70mm² da fis na 250A, kuma ya fi ƙarfin batir ɗaya mai iyakar 100A. Idan za ta ciyar da soket-soket ɗin tirelar, dole a sa makunnin sauya layi don wutarta kada ta taɓa haɗuwa da ta waje, kuma a kashe cajar tirelar, in ba haka ba batir zai riƙa yi wa kansa caji yana asara a kowane zagaye. Wannan ɓangaren na wutar gida yana kisa. In hannunka bai saba ba, kira ƙwararre. Inbata ko ba ta aiki tana cin wuta, a kashe ta idan an gama.

Gwaji

Cika baturan har shant ya nuna ɗari bisa ɗari, sannan kunna komai na rabin awa ka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma mahaɗin da ya fi 'yan'uwansa zafi a sake ɗaure shi ko a sake matse shi. Kwana a tirelar a ƙofar gida dare biyu ba tare da jona wuta ba, ka kwatanta abin da shant ya ƙirga da lissafin takardarka. In ya zarce da yawa, akwai abin da ke jan wuta da ba ka rubuta ba, kuma cire fis ɗaya bayan ɗaya zai tona shi. Bayan tafiyar farko sake bin duk notuna da sifana, domin girgizar hanya tana sassauta su, ka hau rufi ka duba gam. Idan za a ajiye tirelar watanni, bar litiyam a wajen rabin caji ka kashe sola da babban makunni. Dalma kuwa a cike ake ajiye shi, a kuma riƙa ƙara masa caji lokaci-lokaci.